William Hogarth da Landan ta Ƙarni na 18

William Hogarth, wanda aka haifa a Landan ranar 10 ga Nuwamba 1697 ya kuma rasu a can a watan Oktoba 1764, shi ne mai zane na farko haifaffen Ingila da sunansa ya ƙetare teku ya yi tashe a sauran ƙasashen Turai. Kafin zamaninsa, idan sarkin Ingila ko wani basarake na son a zana masa hoto, baƙo ake nemowa: Holbein da Kneller daga ƙasar Jamus suka zo, Van Dyck daga yankin da yake Beljiyam a yau. 'Ya'yan masu hali kuwa, da zarar sun gama karatu, sai a tura su yawon buɗe ido Italiya, su komo da tsofaffin zane-zane da suka yi duhu saboda daɗewa, wasu na gaskiya wasu na jabu, a rataye su a bango.

Sana'ar zane a lokacin hawa-hawa ce. A can ƙoli akwai zanen tarihi, wato labaran Baibul da yaƙe-yaƙen Rumawa da tatsuniyoyin gumakan Girkawa. Ƙasa da shi sai hotunan manyan mutane, sannan na daji da dabbobi da furanni. Rayuwar talaka tana can ƙarshen layi, ba a ɗaukarta abin da babban mai zane zai ɓata fentinsa a kai. Hogarth ya ɗauko wannan abin da aka raina, ya shirya shi daki-daki kamar labari, ya kuma gano hanyar sayar da shi kai tsaye ga dubban mutane ba tare da ya jira wani basarake ya ɗauki nauyinsa ba.

Talauci ba a bakin wani ya ji shi ba. Mahaifinsa, Richard Hogarth, malamin harshen Latin ne da ya zo Landan daga arewacin Ingila. Ya rubuta littattafan koyarwa da ba su kawo masa kuɗi ba, sannan ya buɗe gidan shan gahawa a unguwar Clerkenwell inda aka tsara za a riƙa hira da Latin. Masu irin wannan hira ba su da yawan da za su riƙe kasuwa, jari ya karye, kuma daga wajen 1708 zuwa 1712 yana tsare a hannun kurkukun Fleet saboda bashi. A Ingila ta wancan zamani mai bin bashi na iya sa a kulle wanda yake bi har sai ya biya, kuma fursuna shi ke biyan kuɗin ɗakinsa da abincinsa. William yana yaro ya ga wannan duka. Kurkuku da takardun bashi da masu kame sun yi ta bayyana a zanensa har ƙarshen rayuwarsa.

Yana ɗan shekara goma sha shida ko kusa da haka aka ba da shi koyon sana'a wurin Ellis Gamble, mai zana tambarin gidajen masu hali a jikin farantai da kofunan azurfa. Aikin ya gundure shi, amma ya horar da hannunsa. Ya kuma saba wa kansa wata ɗabi'a: maimakon zama yana kwaikwayon zanen magabata kamar yadda ake koyar da ɗalibai, sai ya riƙa yawo a titi yana haddace fuskoki da yanayin tsayuwar mutane, ya komo gida ya zana daga ƙwaƙwalwa. A 1720 ya buɗe shagonsa. A shekarar ne hannun jarin Kamfanin South Sea ya yi tashin gwauron zabo daga ɗan sama da fam 100 zuwa kusan fam 1,000, sannan ya faɗo warwas ya tsiyata dubban mutane. Ɗaya daga cikin zanen ba'a na farko da Hogarth ya yi a kan wannan haukar jari ne. Kamfanin kuwa, ban da harkar bashin gwamnati, yana riƙe da yarjejeniyar kai bayi 4,800 daga Afirka zuwa yankunan Sifaniya a nahiyar Amurka kowace shekara.

Sai an san yadda ake buga hoto a lokacin kafin a gane inda arzikinsa ya fito. Zanen fenti guda ɗaya ne tak, mutum ɗaya ke mallakarsa. Amma idan aka ɗauki faifan jan ƙarfe aka goge shi ya yi sumul, ana iya kwarzana hoton a jikinsa da wani ɗan ƙarfe mai tsini, ko a shafe faifan da kaki a zana da allura, a tsoma shi a ruwan asid ya ci wuraren da allura ta buɗe. Daga nan a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai laima, a matse da injin hannu. Hoton yakan fito a juye, dama ta koma hagu, don haka dole mai aikin ya lissafa da wannan tun farko. Faifai ɗaya na iya fitar da ɗaruruwan kofe kafin ya suɗe, kuma ana iya sake ƙara masa zurfi a ci gaba. Hogarth ya iya fenti, ya kuma iya jan ƙarfe, abin da kaɗan daga cikin tsararsa suka haɗa.

A 1729 ya auri Jane, 'yar Sir James Thornhill, babban mai zanen fada wanda ya ƙawata cikin ƙubbar majami'ar St Paul. Auren a ɓoye aka ɗaura shi ba da yardar uban ba, amma daga baya suka shirya. Shekara uku bayan haka, a 1732, ya fitar da aikin da ya canza masa rayuwa: A Harlot's Progress, wato matakan rayuwar karuwa, cikin hotuna shida.

A hoton farko, wata yarinyar ƙauye mai suna Moll Hackabout ta sauko daga keken doki da ya taso daga York, da akwatinta da almakashi rataye a hannu, alamar ɗinki ta zo nema. Wata tsohuwa mai fuska cike da ɗige-ɗigen baƙin tabo ta tare ta tana shafa mata haɓa. Mutanen Landan ba su buƙaci a gaya musu ko wace ce ba: Elizabeth Needham ce, shahararriyar magajiyar karuwai wadda ta mutu a 1731 bayan an ɗaure ta a bainar jama'a an yi ta jifanta. Daga bakin ƙofa wani mutum na leƙe, shi kuma Kanar Francis Charteris ne, mai kuɗin da aka yanke wa hukunci kan fyaɗe amma aka yi masa afuwa. Ga kuma wani limamin kirista a kan doki ya juya wa yarinyar baya, hankalinsa na kan wata wasiƙa da yake karantawa, dokin nasa na cin ciyawar da aka tare tulin tukwane da ita, tukwanen na shirin rushewa. Daga nan labarin ya gangara: Moll ta zama dadiron wani attajiri, ta koma ɗakin haya a Drury Lane, alƙali ya zo da 'yan kame, aka kai ta gidan horo na Bridewell tana dukan rama da guduma, tunjere ya kashe ta yayin da likitoci biyu ke gardama a kan wanda maganinsa ya fi. A hoto na shida an rubuta a jikin akwatin gawarta cewa shekararta 23. Cikin waɗanda suka taru zaman makoki da wuya a nuna mutum biyu da mutuwar ta dama.

Hogarth bai kai aikin wurin dillalai ba. Ya buɗe rajista, mai so ya biya gini ɗaya, wato sule 21, ya jira a buga. Mutum 1,240 suka biya. Cikin ɗan lokaci aka mayar da labarin wasan kwaikwayo, aka zana shi a jikin mafitai da kofunan shayi. Sai dai kafin a ce kwabo, masu satar fasaha sun cika kasuwa da kwaikwayo mai arha, irin kukan da masu shirya fina-finan Hausa suka daɗe suna yi. Dokar 1710 ta kare marubutan littattafai, amma ba ta ce komai a kan hoto ba. Hogarth ya tara wasu abokan sana'arsa suka kai koke Majalisar Dokoki, aka kuwa yi dokar da ta ba mai zane ikon mallakar aikinsa na shekara 14. Har yau ana kiranta Dokar Hogarth. Ta fara aiki ranar 25 ga Yuni 1735, shi kuma da gangan ya riƙe sabon aikinsa bai sake shi ba sai ranar.

Sabon aikin, A Rake's Progress, hotuna takwas ne a kan Tom Rakewell, ɗan wani marowaci da ya gaji dukiya ya watsar da ita a caca da mata da kwaikwayon manya. Ya yaudari wata yarinya, Sarah Young, ya yi mata ciki ya nemi ya sallame ta da kuɗi, amma ita ce ta fanshe shi ranar da 'yan kame suka tare shi. Ya auri wata tsohuwa mai ido ɗaya don dukiyarta, ya cinye wannan ma, ya shiga kurkukun Fleet, inda mahaifin mai zanen ya taɓa zama, ya ƙare tsirara a asibitin mahaukata na Bedlam. A hoton ƙarshe akwai wasu mata biyu cikin ado sun zo kallo, ɗaya ta kare fuska da mafici tana dariya. Wannan ba ƙari ba ne: har zuwa 1770 ana barin jama'a su shiga Bedlam kallon marasa lafiya kamar masu zuwa gidan namun daji.

Waɗannan hotuna sun fito ne daidai lokacin da ƙagaggen labari irin na zamani ke kafuwa a Ingila, kuma masu saye kusan iri ɗaya ne: 'yan kasuwa, masu shaguna, lauyoyi, matan gida da suka iya karatu. Daniel Defoe ya fitar da Robinson Crusoe a 1719 da Moll Flanders a 1722. Jonathan Swift ya fitar da tafiye-tafiyen Gulliver a 1726. Samuel Richardson, wanda asalinsa mai maɗaba'a ne, ya fitar da Pamela a 1740, labarin 'yar aiki da ta ƙi ba maigidanta kai har sai da ya aure ta. A dandalin wasa kuma The Beggar's Opera na John Gay ya cika gari a 1728 da ɓarayi da karuwai a matsayin taurari, Hogarth ma ya zana wani fage daga ciki. Wanda ya fi kusa da shi shi ne Henry Fielding. A gabatarwar littafinsa Joseph Andrews na 1742, Fielding ya ware aikin Hogarth daga zanen barkwanci mai karkata hanci da baki, ya ce mutanen da ke cikin hotunansa kamar tunani suke yi. A Tom Jones kuma, maimakon ya siffanta wasu mutane, sai ya tura mai karatu ya duba fuskar wane a hoto kaza na Hogarth. Shi kansa mai zanen kallon marubuci yake wa kansa. A hoton da ya zana na kansa a 1745, tare da karensa Trump, ya ɗora surarsa a kan littattafan Shakespeare da Swift da Milton.

Aikin da ya fi nuna gwanintarsa a fenti shi ne Marriage A-la-Mode, auren yayi, hotuna shida da ya gama wajen 1745. Na farkon ya isa a tsaya a kansa. Wani basarake da ciwon gaɓoɓi ya kumbura wa ƙafa yana zaune yana nuna bishiyar asalinsa, wadda ya jawo tun daga William, sarkin da ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Ta taga ana hango katafaren gidan da ya fara ginawa, aiki ya tsaya don kuɗi sun ƙare. A gabansa wani attajirin birni ya sa tabarau yana duba takardar yarjejeniya, ya zube tsabar zinariya a tebur. Ɗaya na da suna ba kuɗi, ɗaya na da kuɗi ba suna, don haka za a haɗa 'ya'yansu. Angon ya juya baya yana kallon kansa a madubi, da baƙin tabo a wuyansa, alamar cutar da zai kai gidan. Amaryar na wasa da zobenta a cikin hankici, wani matashin lauya mai suna Silvertongue yana fiƙe alƙalami yana yi mata raɗa. A ƙasa, a kusurwa, karnuka biyu ne aka ɗaure da sarƙa ɗaya. A hoto na biyu kare ya zaro hular wata mace daga aljihun mijin, mai kula da gida kuma ya fita yana ɗaga hannu sama da tarin takardun bashi. A na biyar mijin ya kama matar da lauyan, lauyan ya soke shi ya tsere ta taga. A na shida an rataye lauyan, matar ta sha guba, uban nata na zare zoben daga yatsanta tun gawar ba ta yi sanyi ba.

Masu kuɗi ba su yi rububin sayen hoton da ke zaginsu ba. Da Hogarth ya yi gwanjon ainihin zanen shida a 1751, gini 120 kacal aka taya, abin da ya ƙona masa rai matuƙa. Kofen da aka buga su ne suka kawo riba.

A cikin hoto na huɗu na wannan jeri akwai wani baƙar fata yana miƙa abin sha, da wani yaro baƙi da rawani yana wasa da kayan gwanjo a ƙasa. A hoto na biyu na labarin Moll ma akwai irin wannan yaro ɗauke da butar shayi. Dubban 'yan Afirka ne ke zaune a Landan a ƙarnin, da yawansu bayi ko barori da aka kawo ta hanyar gonakin rake na Karebiyan, kuma riƙe ƙaramin yaro baƙi cikin kayan ado wata hanya ce ta nuna arziki. Hogarth ya sa su a hotunansa a matsayin shaida kan almubazzarancin iyayen gidansu, sau da yawa su ne ke kallon abin da ke faruwa da idon mamaki. Amma cinikin da ya kawo su, wanda sukari da taba da gahawar da ke kan teburan nan suka dogara a kansa, bai taɓa mayar da shi jigon wani aiki ba.

Landan ɗin da yake zanawa birni ne mai cin mutane. Yawan jama'arta ya tashi daga kimanin 575,000 a 1700 zuwa kimanin 675,000 a 1750, alhali a yawancin waɗannan shekaru waɗanda ake binnewa sun fi waɗanda ake yi wa baftisma yawa. Baƙi daga ƙauyuka ne ke cike giɓin. Jarirai su suka fi shan wuya. Wani tsohon kyaftin ɗin jirgin ruwa, Thomas Coram, ya gaji da ganin jariran da aka yar a gefen hanya, ya shafe shekara 17 yana bin manya har ya samu takardar izinin sarki a 1739 ta kafa gidan renon yasassun yara, wanda ya fara karɓa a 1741. Masu kawowa sun fi guraben yawa, sai aka koma ƙuri'a: uwa ta sa hannu a jaka, farin ƙwallo an karɓi ɗanta idan lafiyarsa ƙalau, ja ta jira, baƙi ta koma da shi. Iyaye mata sukan bar wata 'yar alama, tsabar kuɗi ko maɓalli ko ƙyalle, don su gane ɗansu idan hali ya samu. Hogarth, wanda bai taɓa haihuwa ba, yana cikin masu kula da gidan. Ya zana hoton Coram a 1740 ya ba su kyauta, ya kuma jawo abokan sana'arsa suka yi haka, har bangon gidan ya zama wuri na farko da jama'a ke zuwa kallon zanen 'yan ƙasa. Mawaƙi Handel shi ma ya riƙa gabatar da waƙarsa Messiah a can daga 1750 don tara kuɗi. Taimako ne na gaskiya, kuma talla ce mai kyau ga masu zanen. Hogarth bai ga saɓani tsakanin biyun ba.

Hotonsa da ya fi shahara a yau na barasa ne. Bayan William na Orange, ɗan ƙasar Holan, ya hau gadon sarautar Ingila a 1689, aka toshe shigo da barasar Faransa, aka kuma sakar wa kowa mara ya dafa tasa daga hatsin gida. Masu gonaki, waɗanda su ne suka cika Majalisa, sun samu kasuwar rarar hatsinsu, gwamnati ta samu haraji. Barasar jin ta yi arha har ta fi ƙarfin talaka ya ƙi ta: ana sayar da ita a shagon kayan miya, a wurin aski, a kan baro, a cikin kurkuku. A 1734 kotun Old Bailey ta yanke wa wata mata, Judith Defour, hukuncin kisa bayan ta ɗauko 'yarta 'yar shekara biyu daga gidan gajiyayyu, ta shaƙe ta, ta sayar da sababbin tufafin da aka sa mata a kan sule ɗaya da kwabo huɗu ta sha jin. Dokar 1736 ta sa lasisin fam 50 da harajin sule 20 a kowane galan. Kusan ba wanda ya yanki lasisin, sana'ar ta koma ƙarƙashin ƙasa, jama'a suka riƙa farautar masu kai tsegumi suna lakaɗa musu duka, wasu har lahira. A 1743, shekarar da aka soke dokar, an dafa sama da galan miliyan takwas.

A Janairun 1751 Fielding, wanda a lokacin ya zama alƙali a Bow Street, ya fitar da ɗan littafi yana danganta yawaitar fashi da shan jin. Wata guda bayan haka Hogarth ya fitar da tagwayen hotuna, Beer Street da Gin Lane, kowanne a kan sule ɗaya don su isa hannun masu ƙaramin ƙarfi. A tsakiyar Gin Lane wata mata ce zaune a kan matakala, riga a buɗe, ƙafafu duk gyambo, tana ɗibar taba gari tana murmushi, jaririnta ya suɓuce yana faɗawa ƙasa da ka. A ƙasanta wani mai tallar waƙoƙi ya rame ya zama ƙashi da fata. Kafinta na miƙa zartonsa da rigarsa ga mai karɓar jingina, wata mata na miƙa tukwanenta. Wata uwa na ɗura wa jariri barasa a baki, wani na rabon ƙashi da kare, an hango wanzami ya rataye kansa a ɗakin sama, bene na rushewa. Gidaje uku ne kawai ke tsaye da ƙafarsu a unguwar: na mai jingina, na mai dafa barasa, da na mai sayar da akwatin gawa. A Beer Street kuwa kowa ya yi ɓul-ɓul, maƙera da masu tallar kifi na hutawa bayan aiki, gidan mai jingina ne kaɗai ya lalace. Ga Baturen Ingila na lokacin, giyar sha'ir abin sha ne na yau da kullum mai saukin ƙarfi, ta gida, wadda ake lissafawa cikin abincin lebura. Jin kuwa baƙuwa ce.

A shekarar aka yi sabuwar doka da ta hana masu dafawa sayarwa kai tsaye ga mashaya, ta kuma taƙaita lasisi ga masu tsayayyen wuri. Shan jin ya ragu, amma ba daidai ba ne a jingina wannan ga hoto ɗaya. Ya riga ya fara sauka tun kafin 1751, kuma abin da ya karya shi sosai shi ne tsadar hatsi, musamman bayan rashin amfanin gona ya sa aka hana dafa barasa daga hatsi a 1757. Akwai kuma abin da hoton ya yi shiru a kai. Ya nuna barasa ce ta jawo tsiyar unguwar da ya zana, St Giles, alhali ana iya cewa tsiyar ce ta kai mutane ga barasar. Mai gonar da ya sayar da hatsin da ɗan majalisar da ya ci harajin ba su fito a ciki ba. Haka abin yake a Industry and Idleness na 1747, hotuna 12 a kan yara biyu masu koyon saƙa: mai himma ya auri 'yar maigida ya zama magajin garin Landan, malalacin ya ƙare a kan igiya a Tyburn. Darasin a fili yake, masu gida ma sun riƙa saya suna rataye wa yaran shagonsu. Sai dai duk wanda ya duba da kyau zai ga malalacin ya fi rai a hannun mai zanen, nagarin kuwa fuskarsa kamar an wanke ta. Idon Hogarth ya fi wa'azinsa gaskiya, kuma wannan ne ya sa masana tarihi ke komawa ga hotunansa don ganin yadda ake dafa abinci, da sa tufafi, da binne gawa a Landan ta lokacin. A 1751 ɗin dai ya fitar da hotuna huɗu kan matakan mugunta, inda yaro mai azabtar da kare ya girma ya kashe mace, aka rataye shi, likitoci suka feɗe gawarsa.

Shekarunsa na ƙarshe ba su yi masa daɗi ba. A 1753 ya buga littafi, The Analysis of Beauty, inda ya kafa hujja cewa asalin kyau yana cikin layi mai lanƙwasa irin tafiyar maciji, kuma idon mutum na gari ya isa ya gane shi ba sai masanan da suka je Italiya sun fassara masa ba. An fassara littafin zuwa Jamusanci da Italiyanci, amma a gida abokan hamayya suka yi masa ca. Ya zana hotuna huɗu kan maguɗin zaɓe, yana ɗaukar misali daga zaɓen Oxfordshire na 1754, da sayen ƙuri'a da abinci da giya, da ɗauko marasa lafiya a kai su rumfar zaɓe. A 1757 aka naɗa shi mai zanen sarki. Duk da haka burinsa na a yarda shi ma ya iya babban zanen tarihi bai cika ba: Sigismunda, wanda ya zana a 1759 don ya goga da Italiyawa, wanda ya sa aikin ma ƙin karɓa ya yi. A 1762 ya tsoma baki a siyasa da wani hoto mai goyon bayan gwamnati, tsohon abokinsa John Wilkes ya caccake shi a jarida, shi kuma ya rama da zanen Wilkes da karkataccen ido da murmushin mugunta, hoton da aka saya dubbai.

Ya rasu a gidansa na Leicester Fields, aka binne shi a Chiswick, inda yake da gidan hutu. Faifan jan ƙarfensa ya bar wa matarsa Jane, kuma a 1767 Majalisa ta ƙara mata shekara 20 na ikon mallaka; ta ci gaba da bugawa tana sayarwa har ta rasu a 1789. A 1768 aka kafa makarantar zane ta sarki a ƙarƙashin Joshua Reynolds, bisa tsarin girmama magabatan Italiya da Hogarth ya yi ta yaƙa. Ainihin zanen fenti na labarin Moll ya ƙone a gobarar gidan Fonthill a 1755, kofen da aka buga ne kaɗai suka rage. Na Tom Rakewell da na zaɓe suna gidan tarihi na Sir John Soane, na auren yayi kuma suna babban gidan zane na ƙasa a Landan.